Tambaya: Bayahuden da ya riƙe ni a Faransa ya rasu, yaya zan yi wa iyalinsa ta'aziyya?

Ɗan Zango ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da ƴan'uwana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai, domin saƙo ya iso mini nan Damagaram daga birnin Marsey na ƙasar Faransa cewa dattijon da ya ba ni masauki lokacin da nake karatun aikin gwaje-gwajen asibiti a can ya rasu. Bayahude ne, haifaffen Wahran ta ƙasar Aljeriya, kuma babbar ƴarsa ce ta rubuto mini, ta ce an riga an binne shi, suna zaman makoki a gidansa.

Ba zan ambaci sunansa ba tunda ban nemi izinin iyalinsa ba, amma ina so ku san irin mutumin da nake magana a kansa. Aikinsa harhaɗa magunguna, kuma da ya yi ritaya sai ya mayar da lokacinsa ga hidimar jama'a ba tare da ko dala ba. Da hunturu yana cikin masu rabon abinci na ƙungiyar agaji ta Restos du Cœur, inda mafi yawan masu zuwa karɓa ba ƴan addininsa ba ne, kuma a can muka fara haɗuwa. Yana zagaya asibitoci yana duba tsofaffin da ba su da mai leƙa su, sannan yana cikin ƙungiyar da ke yi wa mamatansu wanka da sutura, aikin da bai taɓa faɗa mini da bakinsa ba, sai daga bakin matarsa na ji. Duk wanda ya nemi ɗakin haya a Faransa ya san mai gida ba ya miƙa wa ɗalibi makulli sai ya kawo wanda zai tsaya masa, wanda za a bi bashin haya idan ya gaza. Wannan dattijo ya tsaya mini alhali bai san asalina ba, daga baya kuma da kuɗin karatu suka yi jinkiri ya ba ni ɗakin ɗansa da ya yi aure, ya ƙi karɓar komai.

A gidansa na ga yadda yake riƙe da iyali. Duk Juma'a da almuru matarsa takan kunna kyandir, ƴaƴa da jikoki su hallara, shi kuma ya ɗora hannu a kan kowane yaro ya sa masa albarka kafin a ci abinci. Da azumi yakan tambaye ni lokacin shan ruwa domin a ajiye mini nawa da zafinsa, kuma bai taɓa taɓa mini addinina da wata magana ba.

Abin da nake tambaya shi ne, shin shari'a ta yarda in yi wa iyalinsa ta'aziyya, kuma da waɗanne kalmomi? Ina kuma so wanda ya san al'adarsu ya gaya mini abin da suke yi a makoki, don kada in ɓata musu rai ina nufin alheri. Daga ƙarshe, zuciyata ba ta yarda in tsaya a saƙon waya kawai ba, ina so in yi wani abu a nan garinmu saboda abin da ya yi mini.

Malamin Birni ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka haƙuri, ɗana, domin wanda ya tsaya maka a ƙasar da ba ka da dangi, rashinsa rashi ne a gare ka ko da addininku ba ɗaya ba ne.

Malamai da yawa sun halatta yi wa wanda ba Musulmi ba ta'aziyya, musamman idan akwai maƙwabtaka ko zumunci ko wani alheri da ya gabata, kuma hujjarsu a fili take. Aya ta 8 a cikin Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba kuma ba su fitar da mu daga gidajenmu ba, bai kuma hana mu yi musu adalci ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an wuce da gawa ta gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya miƙe, aka ce masa gawar Bayahude ce, ya ce: "Shin ba rai ba ne?" Malamai sun yi saɓani a kan ko hukuncin miƙewa ga gawa yana nan ko an shafe shi, amma dalilin da ya bayar ya isa ya nuna mana matsayin ɗan Adam. Buhari ya kuma ruwaito daga Anas cewa wani yaro Bayahude da ke yi wa Annabi hidima ya yi rashin lafiya, Annabi ya tafi har gidansu ya duba shi.

Abin da ya fi kusa da halinka shi ne labarin Muɗ'im bin Adiyy, wanda ya ba Annabi kariya ya shiga Makka bayan dawowarsa daga Ɗa'ifa, ya kuma mutu bai musulunta ba. Bayan yaƙin Badar, Annabi ya ce da Muɗ'im yana raye ya yi masa magana a kan fursunonin nan, da ya sake su saboda shi. Ka ga ke nan ba a manta alherin mutum don ya mutu a kan wani addini, kuma hadisi ya zo cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba.

Iyakar da ba za ka ƙetare ba ita ce neman gafara da rahama ga mamacin, wanda malamai suka hana bisa aya ta 113 a cikin Suratut Tauba. Saboda haka "Allah ya ji ƙansa" da "Allah ya gafarta masa" da bakinmu ya saba da su, ka bar su a wannan karon, ka mayar da addu'arka ga rayayyu: Allah ya ba su haƙuri, Allah ya raya abin da ya bari, Allah ya mayar musu da alheri. Makomarsa tana hannun Ubangijin da ba ya zaluntar kowa, ba aikinka ba ne ka yanke masa hukunci a gaban ƴaƴansa, kuma ba aikinka ba ne ka yi musu alkawarin abin da ba ka mallaka ba. Game da aikin alherin da kake son yi, ka yi shi domin Allah da niyyarka ta kanka, ba da niyyar aika masa lada ba, kuma babu laifi ka gaya wa iyalinsa cewa halinsa ne ya zaburar da kai.

Hajiya ta Sabon Gari ta amsa:

Ina yi maka ta'aziyya, ƙanena. Na yi shekaru ina aikin jinyar tsofaffi a gidajensu a Faransa kafin in dawo gida, kuma da yawa daga cikinsu Yahudawan Maroko da Aljeriya da Tunisiya ne, don haka na halarci makokinsu, zan gaya maka abin da na gani.

Kamar mu, ba sa son a jinkirta binne gawa, sai dai dokar Faransa ba ta yarda a binne kafin awa 24 ba, kuma ta wajabta akwatin gawa. Ƙungiyar da ka ce yana ciki suna kiranta Hebra Kadisha, su ne ke wanke mamaci su sa masa farin likkafani marar ado, maza ga maza, mata ga mata, mai kuɗi da talaka sutura iri ɗaya. A wurinsu babu hidimar da ta kai wannan daraja, domin wanda aka yi wa ba zai taɓa iya ramawa ba, kuma masu yin ta ba su cika faɗa ba. Shirun da ya yi maka a kan wannan aiki ya nuna ya riƙe shi yadda ake so a riƙe shi.

Daga ranar binnewa iyalin mamaci na kusa, wato mata ko miji, ƴaƴa, iyaye da ƴan'uwa na jini, suna zaman kwana 7 a gida. Suna zama a ƙasa ko a kan gajerun kujeru, suna rufe madubai, ba sa sa takalmin fata, maza ba sa aski, kuma kowannensu yana sanye da rigar da aka tsaga mata gaba, wadda ƴaƴan mamaci ke tsagawa ta hagu, wajen zuciya. Abincin farko bayan dawowa daga maƙabarta ba su ke dafawa ba, maƙwabta da dangi ke kawowa, kuma ba ya rasa dafaffen ƙwai da burodi. Mai zuwa gaisuwa ba ya fara magana, yakan zauna ya jira mai makoki ya buɗe baki, kuma abin da suka fi so a yi a wannan zama shi ne a ba da labarin mamacin. Na sha ganin tsohuwa ta ƙi cin abinci tun safe, amma da wani baƙo ya faɗi wani alheri da mijinta ya yi masa wanda ita ba ta sani ba, sai ka ga ta gyara zama tana neman a ƙara mata.

A nan ne nake ganin kana riƙe da abin da ya fi kowace kyauta. Mutumin da ya ɓoye aikinsa na wankan gawa, da wuya ya gaya wa jikokinsa cewa ya tsaya wa wani ɗalibi Musulmi daga Nijar. Ka zauna ka rubuta musu wasiƙa mai tsawo da Faransanci, ka faɗi yadda kuka haɗu, abin da ya ce maka, yadda ake ajiye maka abincin shan ruwa, da aikin da kake yi yau a Damagaram da ilimin da ya taimaka maka ka samu. Irin wannan takarda suna karanta ta a gaban jama'a, suna kuma adana ta.

Ka kiyaye abubuwa kaɗan. Kada ka kira su ko ka sa ran amsa daga faɗuwar rana ta Juma'a har duhun daren Asabar, domin masu riƙe da addini a cikinsu ba sa taɓa waya a wannan lokaci, kuma ko makokin ma ba a bayyana shi a ranar. Kada ka sa wani ya kai musu furanni kamar yadda Nasara ke yi, ba al'adarsu ba ce. Idan sun ziyarci kabari ƙaramin dutse suke ɗorawa. Kada kuma ka aika da kilishi ko wani abinci daga nan, ko da yake na san hannunka zai so, domin dokokinsu na abinci suna da tsauri, nama sai yankan mahaucinsu, kuma ba sa haɗa nama da madara.

Idan kwana 7 ɗin sun wuce kafin saƙonka ya isa, ba ka makara ba. Akwai cikar kwana 30, wanda Yahudawan Arewacin Afirka ke taruwa a yi karatu a ci abinci, kusan yadda muke sadakar arba'in. Ƴaƴansa kuma za su ci gaba da makoki har shekara, maza suna karanta wata addu'a da ake kira Kadish har wata 11, wadda ba a yin ta sai mutum 10 sun hallara, kuma babu ambaton mutuwa a cikinta, girmama sunan Ubangiji ce daga farko har ƙarshe. Duk shekara idan ranar ta zagayo suna kunna fitilar da ke ci dare da yini. Ka tambayi ƴarsa ranar bisa kalandarsu, domin watanninsu na ganin wata ne amma suna ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, don haka ranar ba ta tsayawa wuri ɗaya a kalandar Nasara, ba ta kuma bin tamu ta Hijira.

Matashin Garin Malam ya amsa:

Ina girmama abin da Malam da Hajiya suka faɗa, kuma ba na musun hadisan da aka kawo. Amma ba zan ɓoye abin da ke raina ba: a lokacin da muke ganin gawarwakin yara a Gaza, yana yi mini nauyi in ga an buɗe zaure ana yabon Bayahude. Ban ce kada yayana ya yi ta'aziyyarsa ba, amma ina ganin ya yi ta a ɓoye tsakaninsa da su, kada ya zo ya kafa wani abu a Damagaram da mutane za su ji an ce don tunawa da Bayahude aka yi, domin jama'a ba za su fahimta ba, kuma zai jawo wa kansa magana.

Masanin Tarihi ya amsa:

Ƙanena na Garin Malam, zafin da kake ji a kan Gaza muna jin sa, kuma babu wanda ya ce ka sauke shi. Sai dai Alƙur'anin da ya sa mu jin zafin zalunci shi ne ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani, shi ne ya ce a aya ta 113 ta Ali Imrana Ma'abota Littafi ba ɗaya suke ba, shi ne kuma ya ce a aya ta 8 ta Ma'ida kada ƙin wasu mutane ya sa mu bar adalci. Tsohon da ya ƙare rayuwarsa yana miƙa wa Larabawa da baƙaƙen fata abinci a Marsey ba gwamnati ba ne, ba soja ba ne, kuma mu da kanmu mun san ɗacin a ɗora wa kowane Musulmi laifin masu tayar da bam.

Ina so in ƙara wa mai tambaya bayani a kan inda mutumin nan ya fito, domin ina ganin a can ne za a gane dalilin da ya sa ya tsaya wa baƙo. Yahudawa sun zauna a Arewacin Afirka tun kafin zuwan Musulunci, wasu kuma suka ƙaru bayan korar da aka yi musu daga Andalus a 1492, kuma Larabci suke yi a gida da kasuwa. A 1870 Faransa ta ba Yahudawan Aljeriya takardar zama ƴan ƙasa ta bar Musulmi, abin da ya raba maƙwabta biyu da suka daɗe tare. A 1940 gwamnatin Bishi, wato gwamnatin Faransa da ta haɗa kai da Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ta ƙwace wannan takarda, aka kori ƴaƴansu da yawa daga lakwal, sai a 1943 aka mayar musu. Da Aljeriya ta sami ƴancin kai a 1962, fiye da mutum 100,000 daga cikinsu suka ƙetara teku zuwa Faransa, da yawa ta tashar jirgin ruwan Marsey suka sauka, sun bar gidaje da kaburburan kakanninsu. Wanda aka haifa a Wahran ya tsufa a Marsey ya san abin da ake nufi da isa gari da akwati ɗaya ana neman wanda zai buɗe maka ƙofa.

Mu ma nan tarihinmu bai rasa alaƙa da su ba, mai daɗi da marar daɗi. Shehu Magili, wanda ya zo Ayar da Kano a zamanin Muhammadu Rumfa, shi ne ya jagoranci rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit a yankin Tuwat da ke saharar Aljeriya ta yau wajen 1492, kuma tun a lokacin akwai malaman Musulunci da suka saɓa masa a kan haka. Wajen 1860 wani malamin Yahudawa daga Akka ta kudancin Maroko, Mordekai Abi Serur, ya isa Tumbutu ya zauna yana fatauci. A ƙarni na 19, lokacin da Damagaram ta bunƙasa a ƙarƙashin Sarki Tanimun, ayarin da ke bi ta Agadas da Gat zuwa Tarabulus yana ɗauke da fatu da gashin jimina, kuma Yahudawan Tarabulus suna cikin manyan dillalan da ke tantance gashin su aika da shi Turai, har kasuwarsa ta faɗi a 1914.

A kan abin da za ka yi, ga abin da su kansu suke ɗauka mafi girma. Babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba, wanda ya yi likitanci a fadar Alƙahira a zamanin Salahuddin ya kuma rasu a Masar a 1204, ya kasa taimakon mabuƙaci hawa 8. Na biyu daga sama shi ne bayarwar da mai bayarwa bai san mai karɓa ba, mai karɓa bai san mai bayarwa ba. Na ƙoli shi ne ka ba mutum rance, ko ka shiga haɗin gwiwa da shi, ko ka sama masa aiki, har ya tsaya da ƙafarsa ya daina roƙo. Unguwanninsu da yawa suna da asusun rance marar kuɗin ruwa saboda wannan koyarwa, kuma shi ne abin da muke kira ƙardul hasan. Abin da dattijon ya yi maka ke nan, kuma irinsa ne iyalinsa za su fi ganewa idan ka yi wa wani.

Alhajin Kasuwar Dole ya amsa:

Ni ɗan kasuwa ne, don haka zan tsaya a kan yadda za a yi abin ya ɗore. Maganar yaron Garin Malam tana da gefen gaskiya a wuri ɗaya: ba ka buƙatar allo ko suna a bango, kuma mutumin da ka siffanta mana ba zai so hakan ba. Wanda ya tambaye ka dalili ka gaya masa gaskiya ba tare da jin kunya ba, wanda bai tambaya ba ka bar shi.

Kada ka ɗauki abin da ya fi ƙarfin albashinka. Wasu za su ce ka haƙa rijiya saboda ƙishirwar garin nan, amma kowa ya san Damagaram a kan dutse take zaune, kuɗin ma'aikaci ɗaya ba za su kai ga ruwa ba. Ka dubi ɗaliban da ke zuwa jami'a da makarantun kiwon lafiya daga Gure, Tanut, Magarya da Matamai, waɗanda ba su da kowa a gari, ka ɗauki ɗaya ka tsaya masa wurin mai gida, ko ka ba shi ɗaki idan kana da shi. Idan kuma rance ka zaɓa, ka fara da yaro ɗaya da ya gama koyon ɗinki ko dukanci yana neman keke ko kayan aiki, ka sayi kayan da hannunka maimakon ka ba shi kuɗi, a rubuta yarjejeniya a gaban mai unguwa da shaidu biyu kamar yadda ayar bashi ta Baƙara ta umarta, a kuma yanka masa abin da zai riƙa biya duk wata daidai ƙarfinsa, ko da jika biyu ne. Rancen da ba a rubuta ba a garin nan yakan koma kyauta, daga nan asusun ya mutu a hannun mutum na farko.

Kuɗin da ya dawo kada su kwana a aljihunka, ka ajiye su wurin wani amintacce dabam har su isa sayen kayan yaro na biyu. Wasiƙar da Hajiya ta ce ka rubuta kuwa, ka aika da ita cikin makon nan, kada ka jira sai ka fara aikin, domin matarsa tsohuwa ce kuma yanzu ne take buƙatar jin ta.